Ƙwaryar da ban gaya wa Mompera ba

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Sau uku ina farawa ina yage takardar, don karatuna bai wuce aji shida ba, kuma abin da zan faɗa yana ba ni tsoro. Amma lokaci ya ƙure mini.

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Baba Piyer Arzika, yayan mahaifina, wanda ya ƙare rayuwarsa bisa jaki yana koyar da katikisma a ƙauyukan da ke tsakanin Dogon Dutsi da Dumega. Mu Katolika ƴan kaɗan ne a Arewa, kowa ya san kowa. Yau mutanenmu suna zuwa kabarinsa suna roƙo ya yi musu addu'a a gaban Allah, wasu har suna kiransa waliyyi. Ni na jawo wannan, da bakina.

Shekara biyar bayan rasuwarsa, da bazara, sanƙarau ya kama ɗiyata Tereza. Wuyanta ya sandare, haƙoranta suka datse. Lokotoro na asibiti ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce mu koma gida mu jira ikon Allah. Na ɗauko gyauton tsohuwar rigar Baba na ɗora mata a wuya. Da hantsi ni da uwarta muka tafi kabarinsa muka durƙusa muka ja carbi. Yarinyar muka bar ta da kakarta, surukuwata, wadda ta zo daga Matankari tare da wata ƙawarta. Surukuwata ƴar bori ce, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Da muka dawo, ɗakin yana ƙanshin turaren da ba namu ba. A gindin gado ga ƙwarya da guntun jan jiƙo a ciki, ƙasa kuma a jiƙe. Gyauton yana nan inda na bar shi. Kafin la'asar Tereza ta buɗe baki ta ce mini, "Baba, fura."

Duk ɗan Arewa ya san abin da ya hana ni tambaya. Mutum ba ya tsare surukuwarsa da ido, balle ya ce mata, "Me kika ba ta?" Ko sunanta ban taɓa kama ba. Na tura matata, ta dawo ta ce, "Inna ta ce yarinya ta tashi, a bar maganar." Ran Lahadi na miƙe a majami'a na ba da shaida cewa Baba Piyer ya roƙa mana an ba mu. Na faɗi gyauto, na faɗi carbi. Ƙwarya ban faɗa ba. Bayan shekara biyu surukuwata ta rasu da amsarta.

Yanzu Mompera, limamin majami'armu, yana tattara shaidu don ya kai wa Monsanyer, wato bishop. Ya bayyana mini cewa a Ikilisiya ba a ce wa mutum waliyyi don jama'a na sonsa. Ana bincike shekara da shekaru, har Roma, kuma warakar da za a kira mu'ujiza sai an tabbatar babu wani magani da ya kawo ta. Ya ce bayan girbi zan ɗora hannu bisa Littafi in rantse cewa na faɗi duk abin da na sani. Ya yi murmushi ya ce, "Kai ne babban shaidarmu." Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

In na rantse na ɓoye ƙwaryar, na yi rantsuwar ƙarya, kuma a kanta za a gina sunan Baba. In na ce jiƙon ne ya warkar da ita, ta yiwu na musanta alherin da Allah ya yi mini, tunda haƙoranta a datse suke, ƙasa kuma a jiƙe. Ta yiwu ko ɗigo bai wuce maƙogwaronta ba. Akwai kuma tsoron da nake jin kunyar faɗa, ni mai baftisma. Tsofaffi suna cewa doguwa, aljanar bori, ba ta manta wanda ta tayar. Tereza ta yi aure, cikin fari gare ta yanzu. Ko atishawa ta yi, gabana faɗuwa yake.

Wani saurayi maƙwabcina, mai kanti kuma mai yawan wa'azi, yakan tsokane ni: "Kawu, ku ma kun buɗe reshen bori a maƙabarta?" Nakan yi dariyar yaƙe. Da Baba yana nan da ya fi shi dariya. Wata tsohuwa ta taɓa ce masa mutumin Allah, ya ce, "Iya, tambayi jakina, shi ya san bakina in ya ƙi tafiya." Ban san me zai ce ba da ya ga kyandir a kabarinsa. Na dai san ya taɓa juya jaki tun daga Dumega ya koma wani ƙauye cikin rana, don kawai ya gyara magana ɗaya da ya koyar ba daidai ba. Ko waliyyi ne ko ba waliyyi ba, wannan shi ne abin da ya bar mini. Ni shekara bakwai ban juya nawa jakin ba. Gobe zan je in gaya wa Mompera zancen ƙwarya, kafin ya gani a jarida.

Amma akwai mai rai guda da ta ga abin da ya faru a ɗakin, in Allah ya bar ta: ƙawar surukuwata. Doguwar mace ce mai giɓi a haƙoran sama, tana kawo daddawa kasuwar Matankari daga wajen Sukukutane. Ban san sunanta ba, kunya ta hana ni tambaya a lokacin. Don Allah, duk wanda ya san ta, ko ya san ɗiyanta, Musulmi ne ko Kirista ko ɗan bori, ya aiko da saƙo ta hannun wannan jarida kafin a gama yankan hatsi. Ba zan kai ƙararta ko'ina ba, ba zan zarge ta ba. Abu ɗaya zan tambaye ta: Tereza ta sha, ko ba ta sha ba?