Ranar da Na Kai Dada Yola Zaɓen Haruffa

Jalingo

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka fita daga unguwar Sintali, ni da Dada, mahaifiyar maigidana. Ta yi wata bakwai a ajin yaƙi da jahilci, ta haddace baƙaƙe, sai ta ce ta daina zuwa, wai rubutun littafin kamar tururuwa yake a idonta. Malamarsu ta ce a bugo mata katunan karatu da manyan haruffa. Dada ta ce in ta gani a Yola za ta koma aji, in ba ta gani ba a ƙyale ta da carbinta. Ni ko baki ya ƙi rufuwa, rabona da doguwar tafiya tun ina amarya.

Zing

Fijo muka shiga, mu huɗu a baya. Bakwai da kwata muna Zing, muka karya da soyayyar doya. A shingen sojoji direba ya ce, “Hajiya, a yi mana addu'a.” Dada ta ce, “Tun tasha nake yi, da na ga tayoyinka.” Har sojan ya dara.

Yola

Goma saura muka isa maɗaba'ar wani Bazazzagi a Jimeta. Ya fara fito da haruffa sirara masu jela, na katin biki. Dada ta kawar da kai. Sai ya ɗauko wasu masu kauri, ba ƙafa ba jela, ko'ina a zagaye kamar an mulmula fura. Ya ce su ake sa wa littafin yara da allon shago, don ana hango su daga nesa.

Ya zaro wani tsohon kati mai suna ɗaya a jiki, ya ɗaga.

“Bismillah, Mama, karanta.”

Dada ta duba, ba ta karanta ba. Na zaci ba ta gani ba ne. Ya kawo mafi girma, sunan dai shi ne. Nan ma ba ta karanta ba. Ya kawo na uku, kowane harafi kamar tafin hannu. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na leƙa katin. Ashe sunan ɗanta na fari ne, maigidana, wanda ba ta taɓa kamawa da bakinta ba.

Mai maɗaba'a ya ce, “To ke 'yar boko, taimaka mata.”

Na ce, “Malam, ni ma ba zan iya ba.”

Ya dube mu, ya dubi katin, ya gane, ya zauna a kan kwali yana dariya har da hawaye. Da ya canza kati, Dada ta tsaya daga bakin ƙofa ta karanta nono, gero, har da sunan garin Kona, ba gargada. Ta ce a buga mata talatin, saura ta raba wa tsofaffin ajinsu.

Gida

Ƙarfe biyu muka juyo, ana kiran magariba muka shiga gida. Maigida ya tare mu a zaure.

“Dada, an gani kuwa?”

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. “Faɗa wa mutumin nan shi na fara karantawa. Ranar Asabar kuma a tashe ni da wuri, ina da aji.”

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.