Halalak

Motar tana bayan gidan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a Doha, a unguwar Old Airport, tsakanin tankin ruwa da ɗakin wanki, an lulluɓe ta da tampol ɗin da rana ta gama cinyewa. Sai da na shekara uku ina tuƙi a gidan kafin in ɗaga tampol ɗin, kuma ba son sani ne ya kai ni ba. Kyanwa ce ta haihu a ƙarƙashi, uwargida ta ce a fitar da 'ya'yan. Ina ɗagawa na manta da kyanwa. Tsohuwar motar tsere ce ƙirar Japan, ta shekarun saba'in, kujera biyu kacal, ga bonet dogo. Tayoyin sun zauna daɓas, jan fentin ya koɗe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin. Na buɗe bonet na ga silinda shida a jere da kafireto biyu.

Kafin in zama direba shekara tara na yi a wani gareji a Kano. Amma a Doha takardata direba ta ce, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ko hannun nan ya san wani abu ban da sitiyari. Ni ma na yi shiru da bakina. In kai yara makaranta, in kai uwargida kasuwa, in wanke motoci uku, in koma ɗakina da ke jikin get.

A nan kafil ɗin ya same ni, kaina a cikin bonet. Muna ce masa mudir. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce motar ta marigayi mahaifinsa ce, tun yana yaro ta tsaya, ya ma yi niyyar kiran masu sayen ƙarafa. Na ce masa da ɗan Larabcina na kasuwa, wallahi wannan mota kyakkyawa ce. Ya yi dariya, ya wurga hannu, ya ce: "Halalak."

To, ni Bahaushe ne. Kunnena ya ji halak, zuciyata ta ƙarasa da malak. A wurinmu in aka ce abu naka ne halak malak, ai magana ta ƙare. Na durƙusa na yi godiya, na roƙa wa mahaifinsa gafara da aljanna. Ya ce amin. Ya ɗan dube ni, sannan ya ce yalla, yara za su makara.

Ranar Juma'a bayan masallaci mukan haɗu a wani ɗaki a unguwar Fereej Abdel Aziz mu ci tuwo, mu Hausawa direbobi da masu gadi. Akwai wani dattijo Bakatsine a cikinmu, ya fi kowa daɗewa a ƙasar, kowa Baba yake ce masa. Da na ba su labari, sai ya ajiye lomarsa ya yi dariya har da tari.

"Halalak? Yaro, ni ma an ce mini halalak a kan agogo, an ce mini a kan raƙumi. Ka ga agogo a hannuna? Bismilla ce tasu. In ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce bismilla, me kake cewa?"

"Alhamdulillahi," na ce.

"To haka za ka ce, ka wuce abinka."

Na ce, "Baba, ni da yunwa na zo, kuma na riga na wanke hannu."

Aka kwashe da dariya, wani ya ce Bakano ba zai taɓa barin araha ta wuce shi ba. Ni ban yi dariya ba. Na fahimci abin da Baba ya faɗa sarai, na kuma san gaskiyarsa ce. Amma na yi godiya an ce amin, kuma ba ni da niyyar janye godiyata.

Shekara biyu na yi a kanta. Bayan sallar asuba, kafin rana ta fara dukan mutum, ina da awa guda tawa. Na sauke tankin mai na wanke tsatsar da ke ciki, na zubar da baƙin man da ya zama kamar kwalta, na cire filogi ɗaya bayan ɗaya. Ranar hutuna in hau bas zuwa Sana'iyya, unguwar gareji da matattun motoci, in yi ta yawo ina nuna wa masu kaya hoto a waya. Wasu su girgiza kai, wasu su ce in kawo ta a sa mata kwamfuta. Kwamfuta! Motar da ta girmi mai maganar, a wane rami zai soka wayarsa? Abin da ban samu ba na yi odarsa daga waje, in jira wata guda, wani lokaci ya iso bai yi daidai ba, in zauna da fayil in goge shi har ya shiga.

Na yi kurakurai, ba zan ɓoye ba. Na ɗaura gaskit a juye sau ɗaya, ruwa ya haɗu da mai, aikin mako uku ya tafi a banza. Ranar na zauna a kan taya na zagi kaina son raina. Amma washegari na sake kwancewa. Duk abin da nake yi a ƙasar nan na wani ne: lokacina na mudir, albashina na gida, har barcina na wayar da za ta iya bugawa. Wannan awa ɗaya da wannan ƙarfen ne kawai nake kira nawa, kuma ban ji kunyar son su ba.

Mudir yana wucewa ta wajen kusan kullum. Ya gan ni hannu dumu-dumu da baƙin mai, ya ga kwalaye suna isowa da sunana. Wani lokaci ya ce "Masha Allah," wani lokaci ko kallo babu. Bai taɓa cewa in dakata ba.

Ta tashi wata safiyar Talata. Ta yi tari sau biyu, ta yi aman hayaƙi, sannan ta kama. Na ɗauki guntun tiyo, na sa baki ɗaya a kunnena ɗaya a bakin kafireto, kamar yadda maigidana na Kano ya koya mini, ina saurarar shaƙar iskar kowanne ina murɗa sukuru har muryoyin biyu suka daidaita. Da na ɗago, mudir yana tsaye a bayana ba takalmi, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce da wannan ƙarar mahaifinsa yake shigowa gida. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma a lokacin na san rigima ta zo.

Ba a yi mako biyu ba ya fara kawo abokansa. Su zagaya ta, su yi hoto, yana cewa motar babana, direbana ne ya gyara. Sannan wata rana da yamma ya aiko a ce in wanke ta, za a zo da babbar mota a ɗauke ta zuwa wajen baje kolin tsofaffin motoci, daga can kuma ta wuce gidan gonarsa.

Ban wanke ba. Na yi wanka na sa farin kaftanina na Juma'a da hula, na nufi majalisinsa, ɗakin da yake karɓar baƙi. Akwai mutum huɗu suna shan gahawa. Direba a bakin ƙofa yake tsayawa a ba shi saƙo. Na cire takalmi na shiga na yi sallama na zauna.

"Mudir, na zo a mayar da takardar motata sunana."

Ya yi murmushi, ya ce ya san na sha wahala, ba zai manta ba. Ya miƙo mini ambulan. Ban taɓa shi ba.

"Ban zo sayar da ita ba. Ka ce halalak."

"Wannan magana ce kawai," in ji shi. "Kowa ya san haka."

"Ni ma an gaya mini. Amma ranar na durƙusa na gode maka, na yi wa mahaifinka addu'a, ka ce amin. A lokacin ya kamata ka ce mini wasa kake. Ko washegari. Ko ɗaya daga cikin safiyoyin shekara biyu da ka wuce ni ina kwance a ƙarƙashinta."

Na san motar ubansa ce, na san in ni ne shi, da zuciyata ba za ta so rabuwa da ita ba. Amma shekara nawa tana ruɓewa a bayan gidansa kyanwa tana haihuwa a ƙarƙashi? Wani tsoho cikin baƙin ya ajiye kofinsa ya tambaye shi ko da gaske ya faɗi kalmar. Mudir ya ce i, ya faɗa.

"Khalas," ya ce mini, fuskarsa a murtuke. "Ɗauki motar. Amma ba zan iya ganinta tana shiga tana fita gidan nan a hannun wani ba. Ko ita, ko aikin."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Kano. Na tuna da su, kada wani ya ce ban tuna ba. Na ce, "Motar."

Ya cika alkawari, ya mayar da takardar motar sunana, ya kuma sa hannu na canza wurin aiki. Yanzu gadi nake yi a wani bene a Al Mirqab, awa goma sha biyu a tsaye, ƙafafuna suna kumbura, albashin bai kai na da ba. Matata ta yi wata guda tana amsa waya da i da a'a. Baba har yau cewa yake taurin kaina ya fi bonet ɗin tsawo.

Ranar da na bar gidan, na sa jakata a kujerar gefe, na tayar da ita, na fito get a hankali. A bakin titi na taka birki, na ɗaga ido na dubi madubi ina jiran a ce mini inda za mu. Babu kowa a baya. Shekara biyar ban taɓa fita get ɗin nan ba tare da an faɗa mini hanya ba, sai ga ni zaune inji yana gurnani, ban san ko dama ko hagu ba, hawaye ya cika mini ido. Wani ya danna mini hon daga baya. Na bar shi ya danna na biyu, sannan na sa giya na yi hagu.