Zaibar da ta Girme Ni

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko na bar ɗinki ne, ga amsarku yau.

Da yatsu abin ya fara. Ni da nake zura zare a allura ina hira, sai na koma ina laluben ramin. Leɓɓana suka yi nauyi kamar ba nawa ba. In ina tafiya sai in ji kamar auduga nake takawa. Wata rana na sauka daga keke a Ƙofar Ran, nan cikin Bauchi, na yi tangaɗi, mai keken ya bi ni da kallon da ake yi wa ɗan maye.

An gwada suga, an ɗauki hoton kai, an ɗebi jini sau uku. Komai lafiya. Ba abin da ya fi ba ni tsoro kamar a ce min lafiyata ƙalau alhali almakashi yana suɓucewa daga hannuna. Na rufe shagona na unguwar Ɗan Iya.

Likita ta uku da na gani mace ce. Ta ce in lissafa mata duk abin da nake ci a mako. Na gaya mata tun da aka ce ina da hawan jini, shekara huɗu da suka wuce, na bar jan nama. Kawuna masunci ne a wani ƙauye a kudancin jihar nan, duk mako yana aiko min da bandar manyan tarwaɗa. Safe da yamma ita nake ci.

Ta yanki gashi daga ƙeyata, ta haɗa da jini aka tura Legas. Gwajin yana da tsada, sai da na sayar da keken ɗinki ɗaya. Mako uku muna jira.

Zaiba ce, ruwan ƙarfen nan mai guba da ake wankin zinariya da shi. A jinina, a gashina.

Likitar ta ajiye takardar ta ce, "Malam, wa kuma yake cin kifin nan a gidanka?"

Matata Rukayya tana da cikin wata biyar. Amma tun watan farko ta tsani warin kifi, har ta sa na koma ci a zaure, ni kuma ina jin haushinta. Da aka gwada ta, nata kaɗan ne ƙwarai. Likita ta ce ɗan da ke ciki gubar nan ta fi yi wa illa.

Na zauna a bencin asibitin. Subhanallahi kawai nake maimaitawa.

Likitar ce ta sanar da wasu masu bincike daga jami'a. Suka je ƙauyen, Kawu ya zaga da su a kwalekwale, suka ɗebi laka da kifi manya da ƙanana. Wani tsoho ya nuna musu inda aka yi wankin zinariya da zaiba tun yana yaro. Yanzu ciyawa ce a wurin, shanu suna kiwo. Sun ce zaibar ta kwanta a laka, ƙananan halittu suka ci, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci shi. Mutanen da suka zuba ta duk sun rasu kafin a haife ni.

Kawu ya zo Bauchi ya riƙe hannuwana yana hawaye. "Ashe da hannuna nake ba ka guba, ɗan nan." Na ce masa ba laifinsa ba ne. Yanzu shi ke kai masu binciken duk lokacin da suka dawo awo, kuma an gwada mutanen gidansa.

Na daina cin kifin, na sha magani, na yi ta motsa yatsu da ƙwallon roba. Sauƙi a hankali ya zo. Yatsa biyu na hagu ba su gama dawowa ba, amma na buɗe shago. Rukayya ta sauka lafiya, mace.

Alhamdulillah. Likita, Kawu, maƙwabtan da suka ciyar da gidana, Allah Ya saka muku.

Ban ce ku bar kifi ba. Ku tambayi daga wane ruwa ya fito, musamman in an taɓa haƙar ma'adini a kusa. Ku riƙa sauyawa, kada kullum babba daga wuri ɗaya. Masu ciki su fi kowa kula. In yatsunku suna mutuwa, ku gaya wa likita abin da kuke ci, ko bai tambaya ba.

Kuma ku ji tsoron Allah kan abin da kuke zubawa a ruwa. Wanda zai ci shi wataƙila ba a haife shi ba tukuna.