Baiti na Goma Sha Biyu

Yayata 'yar amshi ce. Shekara ashirin da shida ta yi tana tsayawa taku biyu a bayan mawaƙi, ya jefo baiti ta cafe, ya sake jefowa ta sake cafewa. Ko a gida haka take. In aka yi shiru a ɗaki, sai dai shirun ya gaji don kansa, Yaya ba za ta katse shi ba. Marigayi mijinta yakan ce ya auri macen da ba a iya faɗa da ita, don duk abin da ya faɗa cikin fushi sai ta maido masa da shi da murya mai daɗi, har kunya ta kama shi.

Ainihin hanyar abincinta ɗinki ne. Shagonta na ƙasan wani bene, keke biyu, dutsen guga ɗaya, da madubin da ke ƙara wa kowa ƙiba, ta ƙi canza shi wai yana sa mata su yarda da awonta. Waƙa kuwa sai ƙarshen mako, a bayan maigidanta na waƙa, wanda ake kira Gajere don tsiya, saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ni ƙanwarta ce, kuma ban taɓa ɗaukar amshi a bakin sana'a ba. Na sha ce mata ko aku zai iya.

"Aku kalma yake saurare," in ji ta. "Ni numfashi nake saurare. Kafin maigida ya jefo, sai ya ja iska ta hanci. Daga tsawon jan nake sanin tsawon baitin, in san inda zan shigo."

Gajere ya tsufa yana waƙar soyayya da yabon masu hannu da shuni, babu wanda ya taɓa zarginsa da jarumta. Sai aka rushe gidajen bayan kasuwa, mutanen unguwa suka sa hannu a takardar ƙorafi, aka fara ganin wata farar mota marar lamba. Da rana tsaka take zuwa. Ta tsaya, a buɗe ƙofa, a rufe, mutum ɗaya ya ragu a layi. In ka je tambaya, kowane ofis ya ce bai san zancen ba.

Shi ne Gajere ya yi waƙar da babu zagi a cikinta ko ɗaya, tambaya ce zalla. Ya ce, "Ina mai gyaran agogo?" Amshi ya ce, "Bai dawo ba." Ya ce, "Ina malamar lissafi?" Amshi ya ce, "Ba ta dawo ba." Haka har mutum goma sha ɗaya. Ranar Talata ya je situdiyo ya ɗauki nasa, aka bar gurbin amshi, Yaya za ta cike ranar Alhamis. Ranar Laraba da azahar motar ta same shi a kujerar mai aski, rabin kansa a aske.

Na yi wa Yaya magiya, na yi faɗa, har kuka na yi. Fuskar 'yar amshi babu wanda ya sani, amma muryarta ko yaran layi sun santa. In waƙar ta fita da muryar nan, motar ta san shagon da za ta tsaya. Ta saurare ni har na gama, kuma mako uku ba ta je situdiyon ba. Na ɗauka na ci nasara.

Wata safiya ina shagon sai ga mai haɗa sautin, wanda kowa ke kira Injiniya. Bai ko gaisa da kyau ba.

"Anti, ki zo ki ji wani abu. Ba na so in ji shi ni kaɗai."

Na bi su don in jawo ta gida. Situdiyon ɗaki ne a saman shagon taya, an manna kwalin ƙwai a bango don ya shanye ƙara, an raba shi biyu da gilashi. Injiniya ya kashe fanka, ya kunna. Muryar Gajere ta cika ɗakin. Yana tambaya, sai kiɗa ya tafi shi kaɗai bugu huɗu, gurbin amshi ke nan. Na ga leɓen Yaya yana motsi. Muka ƙirga goma sha ɗaya. Kiɗan bai tsaya ba.

"Ina 'yar amshina?" in ji muryar.

Bugu huɗu suka wuce, sannan shiru.

"Wallahi goma sha ɗaya muka ɗauka," in ji Injiniya. "Ni na danna, ni na kashe, ni na kulle ƙofa. Jiya na buɗe na tarar da wannan."

Na ce ƙila Gajere ya dawo bayan fitar Injiniya ya ƙara, ko wani ya haɗa don ya tsorata mu, ai yanzu na'ura babu abin da ba ta yi. Yaya ta ce a maimaita mata wurin. Aka maimaita sau uku, ta rufe ido, ta karkatar da kai.

"Muryarsa ce," ta ce. "Amma bai ja numfashi ba."

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, a ɗaki mai haske, ana jin masu taya a ƙasa suna dariya. Na ce, "Yaya, don Allah mu tafi." Ta zare hannunta a hankali, ta gyara mini ɗankwali kamar yadda take yi muna yara, ta shiga bayan gilashi ta sa abin kunne.

Ban taɓa sauraren Yaya da gaske ba sai ranar. Kowane mutum da irin amshin da ta yi masa. Na mai agogo a hankali, na malamar da ɗan kaifi, na wani direba kamar tana masa tsiya. Ba ta sake ko ɗaya ba. Da aka iso na goma sha biyu ta tsaya kurum, hannu a gefe, har bugu huɗun suka wuce.

"Anti, a koma?" in ji Injiniya ta makirfo.

"A'a. Bar shi haka."

"To in goge baitin?"

"Kar ka taɓa. An jefo, ba a mayar da baiti."

Ta fito tana share gumi, ta dube ni. "Mutum ba ya yi wa kansa wannan amshin. Muryarmu ɗaya da ke, ko Inna ba ta bambance mu daga bayan ƙofa. In lokaci ya yi, ke za ki zo ki cike."

Na ce mata ta haukace. Ta ce to, ta ji, mu je kar mai rigar biki ta zo ta tarar da shago a rufe.

Waƙar ta fita, ta shiga waya bayan waya. A motar haya ake sa ta, a shagon aski, a wajen masu wankin mota. Iyalan mutum goma sha ɗayan suka fara tsayawa a ƙofar ofisoshi suna rera ta, har aka sako biyu daga ciki, malamar lissafi da direban. Direban ya zo shago ya durƙusa gaban Yaya, ta ce ya tashi yana tare mata haske. Kwana tara bayan wannan, da hantsi, zaren shuɗi ya ƙare mata tana tsakiyar wata riga. Ta rataya abin awo a wuya, ta ce mini tana zuwa.

Shekara biyu ke nan. An neme ta ko'ina, babu wanda ya ga mota, babu wanda ya ga komai. Waƙar na nan yadda aka bar ta. Duk inda aka sa ta, in an iso baiti na goma sha biyu mutane sukan yi tsit, har masu gardamar ƙwallo, sai bugu huɗun sun wuce su ci gaba. In ina wurin, ina jin idanu a kaina.

Injiniya yana kirana farkon kowane wata. Ba ya matsa mini, cewa kawai yake gurbin na nan. Malamar lissafi ma ta zo ta zaunar da ni, ta ce shirun da na yi yana rufa wa masu motar asiri, in na amsa baitin duniya za ta san an ɗauke Yaya. Gaskiya ta faɗa, na sani. Kalma huɗu ce, ko minti ɗaya ba za ta ci ba. Sau biyu ina hawa matakalar situdiyon har rabi in juyo.

Ni ke buɗe shagon yanzu, duk da ɗinkina bai kai nata ba. Jiya wata tsohuwa da ta daɗe ba ta gari ta leƙo da atamfa a hannu, ta dube ni, ta dubi keken da babu kowa a kai.

"'Yar nan, ina yayarki?"

Na ce, "Ta fita sayen zare. Zauna, Baba."