Hajo da keken da na ce ta sayar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina cikin shara a Goronyo aka kira ni daga Wurno, wai Allah ya yi wa ƙawata Hajo mai ɗinki rasuwa. Zazzaɓin kwana uku ne kawai.

Tare muka tashi a Dinawa. Ni ce mai baki, ita ce mai haƙuri.

Da Hajo za ta haifi 'yarta Nana, haihuwar ta zo da gardama. Naƙuda ta yi tsawo, aka kai ta Sakkwato aka yi mata aiki. Rai ya tsira, amma ta dawo gida ƙafafu ba sa ɗaukarta. Mijinta Malam Umaru ya sayar da albasarsa tun ba ta yi kuɗi ba, tumaki ma suka bi.

Abin da ya rage a ɗakin shi ne keken ɗinkinta na takawa. Da shi take ciyar da kanta tun kafin aure.

Ni uwar shawara na ce ta sayar. Har mai saye na kawo mata. Na ce keken ƙafa ne, ke kuma ba ƙafa, a ajiye shi a yi ta kallo?

Ta dube ni ta ce, "Mi kika sauri, Ladi? Hannuwana lahiya lau su ke."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Bayan mako biyu na koma, tun daga zaure na ji ƙarar keke. Ina shiga na tarar da Malam Umaru a kan kujera gefenta, ya miƙa ƙafa yana takawa, ita tana bi da yadi. In ta ce "tsaya" ya tsaya, in ta ce "mu tai" ya ci gaba. Da fari sun karya allura ba adadi. Abokansa na fadama har direban Hajo suke kiransa, shi kuwa ko a jikinsa.

Haka suka yi shekaru. Ya dawo daga gona, ya wanke ƙafa, ya zauna. Daga wannan keken aka sayi magani, aka sa Nana a makaranta. Ranar da na aurar da ƙanwata, Hajo ta ɗinka mana kaya ta ƙi karɓar ko sisi.

Watan jiya na kai mata atamfa. Na tarar Nana ce ke takawa. Hajo tana dariya ta ce, "Tsohon na yi mai ritaya, ɗiyata ta hi shi birki."

Ɗazu na dawo daga gaisuwa. Atamfata tana kan keken, hannu ɗaya bai ƙarasu ba. Na ce zan ɗauka. Malam Umaru ya ce, "Bar ta nan. Nana na ƙarasa miki, ni in taka mata. Ƙahwata ta saba."

Na yi kuka, amma wallahi zuciyata a sanyaye take. Hajo ta ci guminta har ranarta ta ƙarshe, kuma ta bar sana'a a gidan.

Allah ya jiƙanki Hajo, ya tashe ki da ƙafafunki ki taka cikin Aljanna. Ya ba Malam Umaru da Nana haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.