Makron da ba a taɓawa

Malam Dallatu bai iya zama wuri ɗaya ba. Shekara takwas muna ofis ɗaya a Gwarinpa, a saman wani shagon fenti, ban taɓa ganin ya cika minti goma a kujera ba. A tsaye yake karanta kod, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, yana kaɗa biro a haƙori har ka ji kamar ka ƙwace. Kullum daga Karu yake tasowa, ya sha cunkoson hanya, ya zo ya sauke haushin a kanmu.

Aikinmu rubuta manhajar wata 'yar na'ura ce mai zuba maganin tsaftace ruwa a tankunan burtsatse. Shi kuma bita ce aikinsa. Duk gyaran da ɗayanmu ya yi, sai ya bi shi layi-layi ya sa hannu kafin a ɗora wa na'ura. Ba ya yabo. Na sha yin fushi da shi, amma gaskiya kuskure ba ya wuce idonsa.

Abin alfaharinsa wani makro ne da ya rubuta tun kafin a ɗauke mu aiki, ya raɗa masa suna DUBA. Makro gajeren suna ne kawai; kafin kwamfuta ta harhaɗa kod, sai ta cire sunan ta shimfiɗa layukan da ke ɓoye a bayansa. Duk umarnin da ka saka cikin DUBA, zai gwada ko ya yi nasara, ya kuma rubuta sakamakon. Doka ce kowa ya yi amfani da shi, kuma babu mai taɓa shi.

A watan jiya abokin aikinmu Zacharias, mutumin Kagoro mai 'ya'ya uku, ya saka umarnin zuba magani cikin DUBA. Dallatu ya duba ya sa hannu. Bayan mako guda aka kira daga Abaji, inda muke gwada na'urar, cewa ruwan tankin na warin magani, mata sun daina ɗiba. Ogarmu, Madam Alice, ta ce tunda Dallatu ya duba, to lalle Zacharias wani abu daban ya ɗora wa na'urar. Ta ce ya jira takardar sallama ranar Juma'a.

Ranar Laraba Dallatu ya sa kwamfuta ta shimfiɗa makron a fili. Ina gefensa, na gani da idona. Ashe DUBA sau biyu yake aiwatar da abin da aka ba shi, ɗaya wajen gwaji, ɗaya wajen rubuta sakamako. A da umarnin karanta ma'auni kaɗai ake saka masa, maimaitawa ba ta cutar da kowa. Yanzu kuwa magani yake zubawa ninki biyu.

Ya rufe kwamfutar. Kwana biyu yana hawa da sauka a bene, ya sayo gyaɗa ya manta da ita a taga, ya fara magana ya fasa. Ni ma na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Juma'a da safe Madam ta fito da ambulan a hannu. Dallatu ya tare ta, ya kira kowa gaban allon kwamfutarsa.

"Madam, Zacharias dokata ya bi. Ga kuskuren nan a layi na huɗu, ni na rubuta shi."

Ya ce ya riga ya gyara. Madam ta ajiye ambulan ɗin, sannan ta tambaye shi wa zai duba gyaran, tunda ba a taɓa duba aikinsa ba. Dallatu ya tura kwamfutar gaban Zacharias.

Zacharias ya karanta a natse, ya ɗago kai.

"Oga Dallatu, wannan ya yi. Amma ba zan sa hannu ba tukuna. Akwai sauran makro naka goma sha ɗaya, ka kawo su duka."

Dallatu ya ce to.