Abin da Yaya Usman yake raɗawa

"Kura ta dira kan maharbinka, Sani," in ji Bashir tela, mai ba mu labari a wasan da muke yi da ƙwayar ludo a shagonsa na Kasuwar Umdurman. Kowa da jaruminsa a labarin, nawa maharbi ne. Tun kafin azumi nake rainon maharbin nan, ga shi saura cizo ɗaya ya mutu.

A wasan, sai layi ya zo kanka kake motsi. Amma kana iya haƙura da naka, ka raɗa wa Bashir abin da kake jira. In ya faru, sai ka shiga ko ba layinka ba ne.

Yayana Usman kullum haka yake yi, har ana ce masa matsoraci. Ni da shi ba ma magana tun da na bar aikin bulo da muke yi tare a Aljirif.

Bashir zai jefa ƙwaya ke nan, Yaya ya riƙe hannunsa.

"Dakata, ya zol," ya ce, yadda ake kiran mutum a nan Sudan. "Jarumina ya tare kurar."

Abokinmu Haruna ya yi dariya. "Layinka ya wuce, sarkin tsoro."

"Bai wuce ba," in ji Bashir. "Kowane mako magana ɗaya yake raɗa min: in an taɓa na Sani, ina gabansa."

Kurar ta kashe jarumin Yaya. Bai ko dube ni ba, sai ya turo min kofin shayinsa.

"Sha kafin ya huce, Sani. Kai ake jira."

Ku fa, wa ya taɓa tsare muku baya ba ku sani ba?